Na zuba Linux a tsohuwar laftof, to yanzu sai me?

Nafi'u Rafin Daɗi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga mu nisa a harkar Linux. Akwai tsohuwar HP da yayana ya bar mani, ram ɗinta gig 4, ta ƙi karɓar Windows 11. Tunda aka daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro a Oktoban 2025 sai na goge ta na zuba Linux Mint, wani nau'in Linux, wato tsarin sarrafa kwamfuta da ake sakawa a madadin Windows, samfurin Xfce mara nauyi. Komai na tafiya lafiya, ina shiga intanet, ina rubutu da LibreOffice. Damuwata ita ce ban ga abin da na ƙaru da shi ba. Na haddace umarnin ls da cd da pwd daga YouTube, da na rufe taminal, tagar da ake rubuta wa injin umarni, shi ke nan sun gudu. Wane ƙaramin aiki mutum zai kama wanda zai sa hannunsa ya faɗa? Ɗalibi ne ni a Hassan Usman Katsina Polytechnic, ba ni da kuɗin sayen wasu kaya.

Mubarak:
Wa alaikumus salam. Aboki ka goge Mint ɗin nan ka saka Kali, Linux ɗin masu gwajin tsaro. Mint ta iyaye ce. A Kali ne ake koyon abin da ke kawo kuɗi, duk kayan kutse suna ciki tun daga saukewa.

Lawal Mai Gyara:
An fara ke nan. Duk wanda ya yi tambaya a zauren nan amsar Mubarak guda ce, Kali.

Injiniya Dikko:
Nafi'u, bar Mint ɗinka inda take. Mubarak ƙanena, su kansu masu Kali sun rubuta a shafinsu cewa ba don wanda bai san Linux ba suka yi ta. Kan Debian aka gina ta, Mint kuma kan Ubuntu, Ubuntu kan Debian. Tushensu ɗaya, apt ɗin da ake saka manhajoji da shi a can shi ne a nan. Bambancin kawai an tara wa Kali ɗaruruwan kayan gwajin tsaro, waɗanda ba za su amfane ka da komai ba in ba ka san mene ne adireshin IP ba, ba ka san izinin fayil ba, ba ka iya karanta rahoton kuskure ba.

Abin da ya sa kake mantuwa, Nafi'u, ba ka da buƙatar umarnin da kake haddacewa. Ka nemo wata damuwa ta gaske a gidanku ko unguwarku, ƙarama, ka ce sai kwamfutar nan ta magance ta. Umarnin da ka yi gumi kafin ka samo shi ba ya ɓace maka.

Nafi'u Rafin Daɗi:
Na gode Yallaɓai. To kamar wace damuwa? In na duba sai in ga ba ni da wata damuwar da kwamfuta za ta magance.

Injiniya Dikko:
Kana da ita. Jiya awa nawa kuka samu wuta a Rafin Daɗi?

Nafi'u Rafin Daɗi:
Wallahi ban sani ba. An kawo da dare, da asuba babu.

Injiniya Dikko:
To laftof ɗinka za ta iya gaya maka. A Linux kusan komai na injin yana bayyana a matsayin fayil. Buɗe taminal ka rubuta

ls /sys/class/power_supply/

Za ka ga sunan batir, BAT0 ko BAT1, da sunan caja, wata injin AC, wata ACAD, wata ADP1. Cikin foldar cajar akwai fayil mai suna online. Ka karanta shi da cat. In caja na jone kuma akwai wuta zai ba ka 1, in babu zai ba ka 0. Ka cire caja ka sake dubawa da idonka.

In ka tabbatar, sai ka buɗe sabon fayil da nano, manhajar rubutu ta cikin taminal, ka sa masa suna wuta.sh, ka rubuta layi biyu:

#!/bin/bash
echo "$(date '+%F %T') $(cat /sys/class/power_supply/AC/online)" >> /home/nafiu/wuta.txt

Ka canza AC zuwa sunan da taka ta nuna, ka canza nafiu zuwa sunan da ka buɗe asusunka da shi. Ka ba shi izinin gudana da chmod +x wuta.sh. Sannan crontab -e, wanda ke buɗe jadawalin cron mai gudanar da aiki a lokacin da ka sa masa, ka ƙara wannan a ƙasa:

*/5 * * * * /home/nafiu/wuta.sh

Daga nan duk minti 5 za ta rubuta kwanan wata da lokaci da 1 ko 0. Bayan mako ka ƙirga layukan da suka ƙare da 1:

grep -c ' 1$' wuta.txt

Ka ninka da 5, ka raba da 60, ga awannin wutarku. A wannan ɗan abin ka taɓa cat da nano da chmod da cron da grep, ka gane bambancin > da >>, ɗaya yana goge abin da ke cikin fayil ya rubuta sabo, ɗaya yana ƙarawa a ƙasa.

Lawal Mai Gyara:
Injiniya dabarar ta yi, amma akwai gyara. Tsohuwar HP ce fa. Batirin irin waɗannan in ya riƙe minti 40 an gode Allah. Ana ɗauke wuta ba da jimawa ba za ta mutu, kuma in an dawo da wutar ba za ta tashi da kanta ba. Lissafin zai fito da giɓi.

Injiniya Dikko:
Gaskiyarka Malam Lawal. Amma ni giɓin nake so ya ci karo da shi. Sai ya zauna ya yi tunani: layin da babu shi gaba ɗaya me yake nufi? Wasu injinan suna da wuri a BIOS, saitin da ake shiga tun injin na tasowa, da ake cewa su kunna kansu in wuta ta dawo, ba duka ba, sai ya shiga ya duba tasa. In babu, ya san lissafinsa na nuna mafi ƙarancin awannin da aka samu ne, ba adadin duka ba. Mai kula da saba, wato injin da ke yi wa sauran injina hidima, kullum cikin irin wannan tunanin yake.

Sada:
Kuma kar ya jona ta a soket ɗin inbata ko na janareta, in ba haka ba zai zo ya ce mana Rafin Daɗi wuta awa 24.

Nafi'u Rafin Daɗi:
Na gwada yanzu. Tawa ACAD ta nuna. Da na cire caja ya koma 0! Amma na rufe murfin laftof ɗin na je sallah, na dawo na tarar babu abin da aka rubuta a tsakani.

Injiniya Dikko:
Barci ta yi. Ka shiga saitin wuta na Xfce ka ce kar ta kwanta in an rufe murfi, a kan caja da a kan batir duka, ka kuma kashe barcin da take yi in an daɗe ba a taɓa ta ba. Ran da ka saka Ubuntu Server wadda ba ta da tagogi, a fayil ɗin /etc/systemd/logind.conf ake gyara wannan, layin HandleLidSwitch a mayar da shi ignore. Ka ajiye wannan a ranka, za ka buƙace shi.

Mubarak:
To yanzu fisabilillahi ƙirga awannin wuta ne zai sama wa mutum aiki? Kamfanoni masu tsaron intanet suke nema. Ni ba na ce ya je ya yi wa wani kutse ba ne, koyo na ce.

Injiniya Dikko:
Na san ba ɓarna kake nufi ba. Amma na sha zama a wajen tantance masu neman aiki, yaro ya rubuta Kali a takardarsa, a ce ya nuna wace manhaja ce ta cinye ram a injin, ya tsaya yana kallon silin. Yaron gareji ba a fara ba shi gyaran giya, sai ya san sifana lamba 10 daga lamba 12 tukuna. In tsaro kake so, akwai wasan Bandit na shafin OverTheWire, kyauta ne, da ssh ake shiga, umarnin shiga wata injin daga nesa, kowane mataki sai ka tono kalmar sirrin mataki na gaba da umarnin Linux. Masu shi ne suka buɗe don a gwada. Wi-Fi ɗin maƙwabci kuwa ba wurin gwaji ba ne, dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, an ma yi mata gyara a 2024.

Mubarak:
Bandit ɗin na taɓa farawa, na maƙale a inda ake neman fayil mai wani girma na musamman cikin foldoji da yawa.

Injiniya Dikko:
find ke nan. Rubuta man find ka nemi inda aka yi bayanin size. A Mint ma haka yake, a Kali ma haka yake.

Alhaji Iro:
Ni dai bari in faɗi tawa a matsayin mai shagon buga takardu a wajen Ƙofar Kaura. Wani yaro ya taɓa lallaɓa ni muka saka Linux a kwamfuta ɗaya. Kwastoma ya kawo katin biki da aka zana da CorelDraw, muka rasa yadda za mu yi. Wani ya kawo takardar Word mai tebura, da muka buɗe layuka sun goce. Mai kasuwa ba ya da lokacin gwaje-gwaje. Ku koya wa yara abin da kasuwa ke ci.

Lawal Mai Gyara:
Alhaji ba a musa maka ba. CorelDraw ba ta da samfurin Linux, Inkscape kuma ba kowane fayil na Corel take buɗewa daidai ba. Injin da ake zane a kanta ka bar mata Windows. Amma in tambaye ka, sau nawa filashin kwastoma ya zuba maka ƙwayar cutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi?

Alhaji Iro:
Kai, wannan ai ba ta ƙirguwa. Ɗaliban jami'a ne suka fi kawo ta lokacin rubuta furojet.

Lawal Mai Gyara:
To a nan Linux ke ba ni abinci. Cutar nan ta Windows ce, a Linux ba ta gudana. Ka soka filashin a injin Linux za ka ga duk fayilolin da ta ɓoye suna nan zaune, ka kwashe su, ka goge tarkacen, ka wanke filashin. Haka in Windows ta ƙi tashi mai ita yana kukan hotunan aurensa da takardun makaranta. Ina da filashi ɗaya da na saka wa Ventoy, manhajar da ke sa a iya tayar da injin daga filashi, na jefa Mint a ciki. In tayar da injin daga filashin ba tare da na taɓa abin da ke cikin rumbunta ba, in kwafe kayansa zuwa wani rumbun na waje, sannan a yi maganar gyara.

Nafi'u, wannan aiki ne da za ka koya cikin sati, kuma a hostel kaɗai za ka samu masu buƙata. Abu biyu za ka kiyaye. In Windows ba ta mutu da kyau ba, ko an bar saitin nan nata na saurin tashi, rumbun zai buɗe maka don karantawa kawai, wannan ba matsala ba ce tunda kwafa za ka yi. In kuma an kulle rumbun da BitLocker, ba makullin ba shiga, kar ka yi wa mai injin alkawari. Sannan kayan mutane amana ne, ka kwafa, kar ka buɗe.

Alhaji Iro:
Wato in ajiye injin ɗaya ta karɓar filashi kawai?

Lawal Mai Gyara:
Ƙwarai. Tsohuwar da ka jingine a lungu ta isa. Kwastoma ya ba da filashi, a soka a can, a tura takardar zuwa sauran injinan ta folda guda da aka raba da Samba, manhajar da ke raba folda tsakanin Linux da Windows. Windows za ta gan ta kamar kowace foldar da aka raba a shago. Sai dai takardar Word ko wani fayil da cutar ke cikinsa zai iya wucewa, don haka kar ka cire rigakafin da ke kan Windows ɗin.

Injiniya Dikko:
Ga aiki na biyu nan ya fito da kansa. Nafi'u, in Alhaji ya yarda ka je ka haɗa masa. Ka fara da mafi sauƙi don ka ga yadda injina ke magana da juna. Kunna hosfot a wayarka, jona laftof a kai, shiga wata folda mai hotuna ka rubuta

python3 -m http.server 8000

Sannan hostname -I ya ba ka adireshin injin. A burauzar wayar ka rubuta adireshin, ka bi shi da :8000. Za ka ga fayilolinka. In ka gama ka kashe shi da Ctrl da C, don duk wanda ke kan hosfot ɗin yana gani. Daga nan sai Samba, inda za ka sha fama da izini: wa ke iya karantawa, wa ke iya rubutawa, me ya sa Windows ke cewa an hana ta. Washegari kuma adireshin ya canza komai ya tsaya, sai ka koyi yadda ake kafa wa injin adireshi tsayayye.

Alhaji Iro:
Ya zo, amma da sharaɗi: ba zai taɓa injin da ke jone da firinta ba.

Malama Hajara:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun ɗazu daga Daura. Ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, muna da ɗakin kwamfuta amma babu intanet, kuɗin data kuma ba a maganarsa. Na ji ana cewa ana iya saka Wikipedia a injin ba tare da intanet ba. Gaskiya ne, ko irin zancen nan ne?

Injiniya Dikko:
Wa alaikumus salam Malama. Gaskiya ne, Kiwix sunan manhajar. Suna tattara Wikipedia da wasu shafukan ilimi cikin fayil guda mai ƙarewa da zim. Na Turanci cikakke da hotuna ya kai wajen gig 100, wannan sai an samu mai shi a kwafa. Amma akwai ƙanana na fanni guda, kamar lissafi ko kimiyyar sinadarai ko likitanci, akwai kuma na Wikipedia ta Hausa wanda bai kusa wancan girma ba. A injin guda mai Mint ko Ubuntu sai a saka kiwix-tools da apt, a rubuta kiwix-serve a ba shi lambar ƙofa, misali 8080, da sunan fayil ɗin. Duk kwamfuta ko wayar da ke kan rawuta ɗaya da ita za ta buɗe a burauza. Rawutar ba ta buƙatar layi ko data, haɗa injinan kawai za ta yi.

Malama Hajara:
To in an ɗauke wuta aka dawo fa? Ba kullum nake makarantar ba, sauran malaman kuma ba za su buɗe taminal ba ko da kuɗi.

Injiniya Dikko:
Tambayar da ta raba wasa da aiki ke nan. Sai an rubuta ɗan fayil na systemd, mai tayar da manhajoji in injin ta kunna, wanda zai tayar da kiwix-serve duk lokacin da injin ta kunna, a kunna shi da systemctl enable. Layuka ne da ba su kai 10 ba. In ya ƙi tashi, systemctl status da journalctl za su faɗi dalili. A ganina duk cikin ayyukan da aka ambata a nan babu mai koyarwa kamar wannan, saboda akwai yara aji guda da za su zo su ce Malama abin ya ƙi buɗewa. Wanda ya haɗa abu don kansa kaɗai, ranar da ya lalace sai ya rufe injin ya kwanta. Wanda ake jira ba shi da wannan damar.

Malama Hajara:
Akwai tsohon ɗalibin mijina da ke karatu a Federal Polytechnic Daura, zan sa shi ya zo mu yi tare. Amma ni nake so in riƙa danna madannan, ya tsaya a gefe yana kallo.

Zulai:
Haka ya kamata Anti. In kin bari ya karɓi madannan, ranar da ya tafi bautar ƙasa an koma gidan jiya.

Ni nawa aikin ƙarami ne amma ya yi mani rana. Ina karanta Hausa a jami'ar Umaru Musa Yar'adua, kuma malaminmu ba ya karɓar rubutun da babu ƙ da ɗ da ɓ. Da can kwafowa nake daga wata takarda ina mannawa ɗaya bayan ɗaya. A Linux akwai tsarin madannai na Hausa a ƙarƙashin Najeriya, sai dai ya canza mani wurin wasu haruffan, hannuna ya kasa sabawa. Sai na zaɓi Alt na dama ya zama maɓallin Compose, wanda ake dannawa kafin wasu haruffa don su haɗu su ba da harafi guda, na buɗe fayil mai suna .XCompose a gidan asusuna, na rubuta irin wannan:

<Multi_key> <k> <k> : "ƙ"

Haka na yi wa d da b da manyansu. Na fita daga asusun na sake shiga. Yanzu Alt, k, k, sai ƙ ta fito. A saman fayil ɗin a sa layin include "%L" don kar a rasa sauran haɗe-haɗen da suka zo da injin. A wajen wannan aikin na fara sanin cewa fayil mai ɗigo a farkon suna ɓoyayye ne, sai da ls -a ake ganinsa.

Sada:
Zulai ki turo fayil ɗin gaba ɗaya a zauren, rabin mutanen nan "kasa" suke rubutawa ko ƙasa suke nufi ko kasa.

Zulai:
Zan ɗora shi a GitHub in turo mahaɗin, dama ina neman dalilin koyon git.

Rabe:
Ku yi haƙuri da ni. Duk wannan na masu laftof ne. Ni waya gare ni kawai, Android. Mu sai kallo ke nan?

Mubarak:
Termux, taminal ce ta Android. A nan kam ina da ta cewa. Ka sauke ta daga F-Droid, wani rumbun manhajojin Android. Ba ta buƙatar ka fasa tsaron wayar, wato root. Ka fara da pkg update, sannan pkg install python git openssh nano. In ka rubuta termux-setup-storage ka ba ta izini za ta ga fayilolin wayarka. Bandit ɗin da Injiniya ya faɗa ma a waya nake yinsa.

Injiniya Dikko:
Ka ga inda Mubarak ya yi daidai. Android kanta a kan ƙwayar Linux take, wato zuciyar tsarin, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Rabe, aikinka na farko: foldar da WhatsApp ko burauza ke tara maka tarkace, ka rubuta ɗan sikirif, wato fayil mai jerin umarni irin wuta.sh, da zai ware PDF gefe, hotuna gefe, sauti gefe. mkdir da mv da madauki guda na for sun isa. Ka gwada a kan kwafi tukuna, don a taminal babu kwandon shara, abin da rm ya goge ya tafi. Abin da ba za ka samu a Termux ba shi ne systemd da sarrafa injin gaba ɗaya, wannan sai ka ari laftof. Amma in kana da abokin da ya kunna ssh a tasa, daga wayarka za ka shiga ka yi aiki kamar kana gabanta.

Rabe:
Madannan waya fa? Rubuta waɗannan alamomin da yatsa azaba ce.

Mubarak:
Akwai ƙarin layin maɓallai a saman madannan, da Ctrl da Tab da kibiyoyi. Ka riƙa amfani da Tab tana ƙarasa maka suna. In ka samu hali ka sayi ɗan OTG ka jona madannan kwamfuta na hannu, a wajen 'yan gwanjo ba tsada.

Alhaji Iro:
Injiniya, maganar da ta fi damuna ba ku taɓo ba. Shekarar da ta wuce rumbun injin ɗaya ya mutu da aikin mutane a ciki. Linux ɗin na da maganin wannan?

Injiniya Dikko:
Tana da shi Alhaji, kuma Nafi'u ya sa shi cikin abin da zai haɗa maka. rsync ke kwafe folda zuwa wani rumbun, kuma bayan karon farko abin da ya canza kawai yake ɗauka. Amma akwai ramuka guda uku da sabon shiga ke faɗawa.

Na farko, in ka ce cron ya yi kwafin ƙarfe 9 na dare, ƙarfe 9 ta yi injin na kashe saboda babu wuta, cron ba ya ramawa, ranar ta wuce ke nan. A garinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Anacron ko agogon systemd mai Persistent=true su ke rama aikin da aka rasa da zarar injin ta tashi.

Na biyu, in rumbun waje ba ya jone, foldar da aka saba ɗaura shi a kai, misali /mnt/ajiya, tana nan fanko, rsync zai zuba komai a cikinta, wato a rumbun cikin injin. Ka wayi gari ya cika, kai kuma kana zaton kana da kwafi a waje. Sai sikirif ɗin ya fara tambaya da mountpoint -q, in babu rumbun ya tsaya.

Na uku shi ne --delete. Yana goge duk abin da babu shi a asali. In aka juya asali da inda za a kai, to Inna lillahi. A fara da --dry-run a karanta abin da zai yi. Kuma lokaci-lokaci a ɗauko fayil ɗaya daga kwafin a buɗe a ga yana buɗuwa.

Nafi'u Rafin Daɗi:
Yallaɓai ba Timeshift ke yin wannan ba? Na gan ta a Mint.

Injiniya Dikko:
Timeshift tsarin injin take adanawa, don in sabuntawa ko wani gwajinka ya ɓata Mint ka koma baya. A yadda ta zo ba ta ɗaukar takardunka da hotunanka. Ka kunna ta kafin ka fara taɓa fayilolin /etc, amma kar ka ɗauke ta a madadin rsync.

Lawal Mai Gyara:
Ƙarin abu ɗaya tunda injin za ta riƙa kwana a kunne. Zafin Maris da Afrilu a Katsina yakan kai digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka. Ka saka lm-sensors, ka rubuta sensors ka ga zafin injin. In tana zaune ba aikin komai tana haura 80, kawo ta a buɗe a share a canza man kan furosesa. Kar a ɗora ta kan katifa ko darduma. Batirin da ya kumbura kuma a cire shi, kar a bar shi a caji dare da rana.

Mubarak:
Har yanzu dai ina kan bakana cewa takardar shaida ake tambaya a wajen aiki, ba labarin Samba a shagon Alhaji ba.

Injiniya Dikko:
Ana tambaya, ban ce a'a ba. Akwai LPIC-1, akwai Linux+ ta CompTIA, akwai LFCS, akwai RHCSA ta Red Hat. Biyun ƙarshen nan ba zaɓi-ka-cike ba ne, injin za a ba ka a ce ka gyara cikin ƙayyadadden lokaci: buɗe asusu, raba izini, ɗaura rumbu, tayar da manhajar da ta ƙi tashi. Kuma da dala ake biya. Wanda zai zuba wannan kuɗin gara ya shiga da hannun da ya saba.

Mubarak:
Wannan kuma sai mun sake zama. Ni na ga waɗanda takardar kaɗai ta shigar da su.

Malama Hajara:
Kafin ku sake zaman, injinan makarantarmu tsofaffi ne sosai, wasu ram gig 2. Mint ɗin za ta hau?

Lawal Mai Gyara:
Xfce za ta hau a gig 2 amma da nauyi in an buɗe burauza. Ki fara duba ko 64-bit ne, don Mint da Ubuntu sun daina fitar da na 32-bit, irin waɗannan sai antiX, wata Linux mara nauyi ta tsofaffin injina. Ai ba dole ki canza duka ba Malama, guda ɗaya mai ɗan ƙarfi za ta riƙe Kiwix, sauran su zauna da abin da ke kansu tunda burauza kawai suke buƙata. In Wi-Fi ya ƙi aiki bayan sakawa, yawanci katin Broadcom ne, a jona waya da kebul a ba ta intanet ta USB, a buɗe Driver Manager ya sauko da direban.

Malama Hajara:
Saukewar fa? Na ga Mint ɗin ta kusa gig 3.

Lawal Mai Gyara:
Kar ki ƙona datarki. Ina da Mint da antiX da Ubuntu 24.04 a shago. Ki ba direban motar Daura filashi mai gig 16 ya kawo mani, in saka Ventoy in zuba su duka in mayar. A kwashe abin da ke cikinsa tukuna, don wanke shi za a yi. Fayil ɗin Kiwix na Hausa ne ba ni da shi.

Zulai:
Zan sauke shi da datar dare in kawo maka shago ranar Asabar bayan la'asar, Malam Lawal. Anti ki faɗi fannonin da kike so na Turanci in duba girmansu, in sun fi ƙarfin filashin sai a nemi mai gig 32.